Miki Bai San Wa'adi Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda in ya jarrabi bawa da ciwo yakan haɗa shi da masu jinya. Sunana Zalika. A Filinge aka haife ni, a nan kuma nake aure. Na rubuta wannan ne domin masu ciwon suga irina, da masu aikin kontira, wato kwantiragi, waɗanda maganinsu ke rataye da takardar da ke mutuwa kowane ƙarshen shekara. Ni duka biyun suka haɗu a kaina lokaci guda.

Aikina bin mata masu lambu ne. Wani proje ya ɗauke ni, ina zagaya ƙungiyoyin mata daga Filinge har Bonkuku, ina nuna musu yankan irin dankali, da tazarar shuka, da ban ruwa, da maganin tsutsa. Kontirata ta shekara guda ce, tana ƙarewa da ƙarewar Disamba, a sabunta ta in an ga dama. Tare da ita ake ba mu katin asirans, wanda ke ɗauke mafi yawan kuɗin magani, mu cika ragowar. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa tambayar abin da zai sami katin ba in kontira ta ƙare mutum yana kwance. Ban kawo wa raina kwanciya ba. Ni mace ce da ba ta iya zama. Ko tuwo nake ci, rabinsa a tsaye nake cinye shi.

Bayan kaka ne, muna tsakiyar rabon iri. Na dawo daga Bonkuku da la'asar, na tuɓe takalmi zan yi alwala, sai maigidana Malam Isufu, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa, ya tsaya a kaina.

"Zalika, jinin mi ne ga takalminki?"

Na ɗaga ƙafar hagu. Ƙayar aduwa ce ta huda robar ta shige tafin ƙafata, ƙarƙashin babban yatsa. Wallahi ko ɗis ban ji ba. Da ma an daɗe ƙafafuna suna yi mini kamar na sa safa mai kauri, na ɗauka gajiyar yawo ce. Malam ya cire ƙayar da allura, na shafa man kaɗe, washegari na ɗaura tsumma na koma aiki.

Mako na biyu wurin ya kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Nan masu shawara suka fara zuwa. Maƙwabciyata ta kawo garin bagaruwa ta ce in barbaɗa. Wata ta ce zuma. Ƙanin Malam ya ce wannan ba ƙaya ba ce, wani abu na taka a hanya, ya kawo rubutu da turare. Duk na yi, domin kowa da alheri ya zo, kuma kowanne ya fi mini sauƙi a kan in bar mata da buhunan iri in je in wuni a layin gidan likita. A mako na uku wari ya fara fita. Yatsan ya yi baƙi kamar an tsoma shi a baban rini. Zazzaɓi ya kayar da ni a gefen rijiyar wani lambu, matan suka ɗora ni a amalanke zuwa bakin hanya.

A gidan likitan Filinge mun zauna tun hantsi har rana ta karkata, ina rawar sanyi a kan benci, kowa na matsawa daga kusa da ni saboda warin. Da majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya kwance tsumman, bai yi mini faɗa ba. Ya auna suga ya tarar ina da ciwon, ya wanke wurin, ya kira Malam gefe ya ce kada mu kwana biyu ba mu isa Yamai ba.

Kafin mu tashi aka aika ƙauyen Tabla a gaya wa yayata Gambi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke noma gonarsu, ita kuma ta goye ni da nake ƙarama. Ta bar hatsinta ba ta gama zubawa a rumbu ba, ta iso da tabarma da ƴar tukunya da bakinta mai kaifi. Ta dubi ƙafar, ta dube ni.

"Ke da kike koya ma mata maganin tsutsa, taki ƙahwa tana ruɓewa ba ki gani ba?"

Ta ɗauki kayana ta yi gaba.

A Yamai an fara cire yatsu biyu. Muka yi mako muna jira a ga ko baƙin zai tsaya. Bai tsaya ba, kullum in an buɗe sai a ga ya ƙara hawa. Lokotoron da ke duba ni, wani likita dattijo mai sanyin murya, ya kira sunan ciwon da Faransanci, gangaren. Ya ce da ni, "Madam, mai suga ba ya jiran ya ji zafi. Da ido ake tsaron ƙafarsa, kullum, kamar yadda ake duba jariri." Sannan ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba abin zai shiga jini.

Dangi suka rabu biyu a tsakar asibiti. Ƙanin Malam ya yi ta waya yana cewa kada a yarda, akwai wani mai magani a wani ƙauye da ya warkar da wanda ya fi ni. Malam yana ta jan carbi, idonsa ja. Ni kuma ina kuka ina cewa a bar ni in mutu da ƙafata. Yaya Gambi ce ta raba gardama. Ta karɓi wayar daga hannun Malam ta kashe.

"Ni ƙanwata niz zo in maida gida, ba ƙahwa ba. Malam, tahi ka sa hannu."

Aka yanke. Katin asirans ya yi mana rana a nan, ba zan ɓoye ba. Ba don shi ba da rumfar Malam ta tafi gaba ɗaya. Ko da shi ɗin, ragowar da muke cikawa, da abinci, da maganin da ake cewa babu sai a waje, sai da suka cinye ragon da Yaya ke turke da shi.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ƙafar da aka yanke ba ta yarda ta tafi. Yatsun da babu su suna yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in tarar da zanen gado. Wata safiya na ji ana kiran sunan wata a waje, na zabura zan tashi kamar yadda na saba, sai ga ni a ƙasa. Daga ranar Yaya ta matso da tabarmarta jikin gadon. Ita ke yi mini wanka, ita ke kai ni bayan gida a kafaɗarta, ita ke ƙwace kofin shayi in ta ga an sa sukari. Ni kuwa ba abin da nake sai juye-juye. In ce a ɗaga ni, in an ɗaga in ce a kwantar da ni. In ce a buɗe taga, in ce a rufe. Hankalina yana can Bonkuku: an shuka ko ba a shuka ba, wa ke duba musu ruwa.

Muna shirin sallama aka tura mu wurin masu ƙera ƙafar roba. Mutumin ya taɓa dungun a hankali ya ce ba a awo sai mikin ya warke sarai, dungun ya tsuke, kuma ga mai suga abin yakan ɗauki watanni. Na yi lissafi a raina, na ga watannin nan sun tsallake Disamba. A ranar na buga wa matar da ke kula da ma'aikata a babban biron projenmu, wato ofishinsu na Yamai. Ta yi mini sannu da murya mai daɗi, ta ce duk suna yi mini addu'a. Na tambaye ta katin.

"Katin yana tafiya da kontira, Madam Zalika. Ranar da ta ƙare, ranar yake tsayawa."

"To za a sabunta mini?"

Ta ce aikin na mai yawo ne, kuma ba ita ke yanke hukunci ba.

Na ajiye wayar. Ƙafar roba ba abin da mai sayar da hatsi zai saya da aljihunsa ba ne. Ga wankin miki kullum, ga allurar suga da aka ɗora ni a kai. In katin ya mutu kafin mikin ya warke, na zama ta tabarma ke nan.

Muka dawo Filinge cikin watan Nuwamba, na buɗe sabon aiki: kiran waya. Shugabanmu na nan Filinge, Mushe Hamani (mushe shi ne malam da Faransanci), mutum ne mai kunya, ba ya son cewa a'a, ba ya kuma iya cewa i. Na roƙe shi a ƙara mini wa'adi, ko da na wata shida ne, har in sami ƙafa. Ya ce zai rubuta Yamai. Yamai suka ce sai an kawo shaidar lokotoro cewa naƙasa ce ta same ni. Malam ya rufe rumfa ya hau mota ya tafi, ya tarar lokotoron ya yi tafiya. Ya koma wani makon ya samo. Suka ce ba irin wannan ba, wadda ke faɗin ko zan iya aiki suke so. Malam ba ya jin Faransanci, haka ya yi ta yawo daga ƙofa zuwa ƙofa yana miƙa takarda yana cewa a taimaka. Daga baya suka ce su ma ba su da iko, sai masu ba da kuɗin proje sun amince, su kuma suna wata ƙasa.

Kullum da safe sai na kira Mushe Hamani. Wata rana ya ce, "Madam, don Allah ki huta. In an ƙara miki wa'adi, sai an ce ga aikin da za ki yi. Mi zan ce musu?"

"Ka ce musu aikina ga baki yake, Mushe, ba ga ƙahwa ba."

"Na sani. Amma su ba su san ki ba."

Ranar wata kasuwa sai ga Inna Hadi, shugabar matan lambu ta Bonkuku, ta yi sallama da kwano a kai. Na ɗauka abin dubiya ne. Da ta sauke sai na ga ganyen dankali ne da saiwarsa da ƙasarsa, duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ya lanƙwashe.

"Madam, sannu da jiki. Ba mu so mu dame ki ba, amma ga abin da yac ci muna rabin fage."

Ban san lokacin da na jawo kwanon kan cinyata ba. Na juya ganyen, na shinshina saiwar, na tambaye ta yaushe suke ban ruwa. Ta ce da marece, kuma a kan ganye suke zubawa tunda sabbin mata sun shigo. Na ce su koma safiya, su zuba a gindi, su tuge masu ciwon su ƙone nesa da lambu. Rabona da in ji ni mutum ce tun kafin Yamai. Daga nan kowace kasuwa sai sun zo, su uku, su biyar, da ganye a bakin zane. Yaya Gambi tana bin su da tsintsiya tana mita.

"Majo yac ce kada ƙasa ta kusanci miki, ku kun kwaso mata gona guda kun kawo ɗaka!"

Da na tsaya a nan da ya fi. Amma Disamba ta shiga, ba amsa, ni kuma zama ya zame mini wuta. Na ƙudurta cewa in suka ga na je lambu da kaina, bakin kowa zai mutu. Na yi ta yi wa Malam naci har ya gaji ya samo mota. Muka bari sai da Yaya ta tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa, muka fita.

Ba zan manta da ihun matan ba da suka hango ni a kan sanduna. Na zaga fage biyu, ina nuni da sanda, ana ɗaukar hoto a waya don a tura wa Mushe. A fage na uku sandar dama ta nutse a ƙasa mai laushi, na tafi gaba ɗaya, dungun ya daki bakin kwalbatin ruwa. Ban ji zafi sosai ba. Jinin da ya jiƙa bandejin na gani, na ga fuskar Malam, na san na yi ɓarna.

Majo ya ce ɗinkin ya buɗe, an koma baya da makonni. Da muka shiga gida Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure tukunyarta, ta ce da safe za ta koma Tabla.

"Na bar hatsina ga tsuntsaye, na sai da ragona, ina wankin miki kamar mai renon jinjiri, ke kuma kin ɗauke shi kin kai ma kwalbati. Ki yi jinyar kanki."

Na ja jiki na kama bakin zanenta. Na ce, "Yaya, tsoro nike ji. In katin ga ya mutu, shi ke nan." Sannan ta zauna ta ce, "Takarda tana da wa'adi, miki bai san shi ba. Ki bar ma Mushe takarda, ki bar mini miki." Ta kwance tukunyar ta ɗora ruwan zafi.

Disamba ta ƙare ba wanda ya kira. A farkon Janairu Malam ya je karɓo allurata, mai kantin magani ya duba ya ce katin ya tsaya. Malam ya dawo ya ce mini wai maganin ne ya ƙare, gobe za a kawo. Sai da na ga buhunan gero biyu sun fita daga zaure ba ranar kasuwa ba na gane. Waɗannan makonni su ne mafi muni a jinyata. Na daina kiran Mushe. Na daina karɓar matan. Ina kwance ina jin motoci suna wucewa a titi, kowace na san inda za ta, ƙafar da babu tana ta motsi kamar za ta bi su.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga Mushe Hamani da kansa a ƙofar gida. Ya zauna a bakin tabarma yana ta gaisuwa, ya gaishe da jiki, ya gaishe da sanyi, ya gaishe da Yaya, har na ƙosa.

"Mushe, in babu ka ce babu."

Ya ce akwai. An ƙara mini wata shida, a kan rabin albashi, in riƙa karɓar shugabannin mata a gida ina ba su shawara, kuma katin zai ci gaba har ƙarshen wa'adin. Daga baya na ji a bakin direbanmu cewa Mushe sau biyu yana zuwa Yamai a kan maganata, har ya ce musu ba zai sa hannu a rahoton girbi ba sai an duba ta. Shi bai taɓa gaya mini ba. A ranar na tambayi Mushe ko hotunan lambu ne suka taimaka. Ya sunkuyar da kai ya ce bai ma tura su ba, domin da sun ga na faɗi a wurin aiki ba tare da izini ba, da magana ta lalace.

Ina godiya, Allah ya sani. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Abin da aka yi a Janairu ana iya yin sa tun Nuwamba. Maganin da muka saya a makonnin da katin ya tsaya ba wanda ya mayar mana. Kuma bai kamata a ce sai mace ta dace da shugaba mai tausayi kafin a bar mata maganinta ba. Da wani ne a kujerar Mushe, da yanzu wani labarin nake ba ku. Duk mai shiga aikin kontira, ya tambaya tun yana da lafiya: in na kwanta, ko na naƙasa, har yaushe za a riƙe ni? A rubuta masa. Mai suga kuma ya duba tafin ƙafarsa kullum, in ba ya iya gani ya sa a duba masa, kuma ko ƙwarzane ne ya kai gidan likita a ranar.

Mikin bai rufe ba sai da zafi ya shigo. Na zauna masa wannan karon, ba don na iya zama ba, sai don idon Yaya. Aka yi awon ƙafar roba a Yamai, aka ce mu dawo, muka dawo aka ce ta yi yawa, aka rage, ta goge mini fata, aka sake gyarawa. Ina ta kallon wata yana tafiya. Saura kaɗan wa'adin ya cika aka ɗaura mini ita, na kama ƙarfe biyu na yi taku, ina gumi kamar mai daka. Da wata shidan suka cika ba a sabunta kontirar ba. Wani saurayi aka ɗauka a gurbina, yaron kirki, yakan zo ya tambaye ni abin da ya shige masa duhu. Allurar suga yanzu daga rumfar Malam take fita.

Ruwan farko da ya sauka sosai, Yaya ta ce za ta koma gida, shuka ba ta jira. Na ce zan raka ta. Ta buɗe baki za ta hana, sai ta dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa, ta ce to in ɗauko maganina.

Washegari da sassafe muka fita gonarta a Tabla. Ƙasa ta jiƙu, tana ƙamshi. Yaya ta ɗauki sungumi ta shiga gaba tana sara, ta miƙo mini ƙwaryar iri. Na tsaya a kan ramin farko, na zuba gero, na rasa da wace ƙafa zan rufe. In na tsaya a kan ta robar ina tsoron faɗuwa, ita kuma ban san ko za ta iya tura ƙasa ba. Na dogara a kan tawa, na ja ta robar a hankali, ƙasa ta rufe ramin, na danna. Na matsa na biyu. Na matsa na uku. Yaya ta yi nisa, har ta kusa kai ƙarshen layi, sannan ta ɗaga murya ba ta ko waiwayo ba.

"Ke Zalika! Ki danne da kyau, kada kurciya ta tone mini iri."

Na ce to, Yaya. Na danne.